Bazazzagi Ya Sauka a Takoradi

 Malam Bazazzagi, an ce mini ka iso Tudun Wada lafiya, sai dai har yanzu in ka miƙe kana tangaɗi kana dafa bango, wai ƙasa ce take motsi. Allah ya sawwaƙe. Hotunan da ka cika mana waya da su duk na gani, har wanda ka ɗauki babban yatsanka da rabin teku. Abin da hoto bai nuna ba kuwa Hajiya ta cike mini, don kada ka manta 'yar Kano muka ba ka, kuma Bakanuwa ba ta ɓoye wa yayanta labari.

Ga masu karatu da ba su sani ba: ɗan wannan bawan Allah, likita a Ingila, shi ya ga uban ya yi ritaya daga koyarwa a Samaru ya zauna yana damun mutane da gyaran nahawu, sai ya yanka masa tikitin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, irin wanda ke tasowa daga Cape Town ya bi gaɓar Afirka ta Yamma har Lisbon. Jirgi ne da ake kwana a ciki, a ci a ciki, da dare ya yi ta tafiya, da safe ya yada zango a wani gari: yau Luwanda, jibi Sao Tome, gata Kwatano ko Lome. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Mutumin da babban ruwan da ya sani a duniya shi ne Kubanni, ita ma sai da damina, shi aka ɗora a kan Atlantika. Ranar farko da aka tara fasinjoji aka nuna musu yadda ake ɗaura rigar ceto, kowa ya gwada ya cire, kai kuwa ka ɗaura taka a kan babbar riga ka tafi da ita cin abincin dare. Da aka ajiye maka rabin kaza kai kaɗai, Hajiya ta ce sai da ka waiwaya hagu da dama kana neman wanda za ka ɗiba wa. Ban ga laifinka ba. Jikan masu rabon suda, ina ya saba?

Amma wunin da kuka yi a Gana shi nake so mu tattauna, tunda shi kake ta baza wa mutane a majalisa, kana cewa ka "zagaye garuruwan tarihi na bakin teku". Zagaye! To bari mu bi sawunka mu gani.

Jirginku ya ɗaure a Takoradi da hantsi. Tashar kaya ce, wadda Turawan Ingila suka buɗe a 1928 bisa tsarin Gwamna Guggisberg, ita ce ta farko mai zurfi a ƙasar, kuma har gobe abin da ta sani shi ne koko da katako da ma'adinai. Ba a barin baƙo ya yi ta gararamba a cikinta tsakanin manyan motoci. Saboda haka tun a cikin jirgi aka tara ku, aka duba katin allurar shawara, aka manna wa kowa lamba a ƙirji kamar buhunan citta a tasha, aka goga katinku a na'ura a bakin tsani don a san wa ya fita, aka zuba ku a bas mai lamba 7. Aka kuma ja muku kunne: ƙarfe biyar da rabi kowa ya kasance a cikin jirgi, ƙarfe shida za a kwance igiya. Tun daga wannan lokacin, Malam, ba kai kake yawo ba, agogo ne yake yawo da kai.

Daga Takoradi zuwa Elmina kusan kilomita 70 ne, ga cunkoso, ga ƙauyuka a bakin titi, don haka sa'a ɗaya da rabi ta tafi kafin ka taka ƙasa. A hanyar nan kuka wuce mararrabar Shama, inda kogin Pra ya shiga teku, inda kuma aka binne Anton Wilhelm Amo, ɗan wannan gaɓa da aka kai Turai yana yaro ya zama malamin falsafa a jami'o'in Jamus, ya sami digirinsa na dakta a Wittenberg a 1734. Kai da kake mana gorin cewa ilimi daga Zazzau ya fara, ga wanda ya kamata ka tsaya ka gaisar. Kuka wuce Komenda, inda Ingilishi da mutanen Holan suka gina sansani biyu suna hararar juna, kogi ne kawai tsakaninsu. Ɗan jagora duk ya faɗa a lasifika. Hajiya ta ce munsharinka ya fi lasifikar ƙarfi.

Kuna sauka a Elmina samari suka yi muku caa da fara'a, kowa yana tambayar sunan baƙo. Duk wanda ya san wurin ya san dabarar: ka faɗi sunanka ka shige, kana fitowa ka tarar an rubuta shi da kyau a jikin ƙwanson teku ana jiran ka saya. Turawan da ke gabanka kowa ya ce suna ɗaya ya wuce. Kai kuwa ka gyara tsayuwa ka jero Alhaji, ka jero Dakta, ka kawo sunanka da na mahaifinka da na unguwarku. Yaron kirki, ƙwanso ɗaya bai ɗauka ba, sai da ya haɗa uku. Ka biya kuɗin uku. Da Bakano ne da ya ce sunansa Ado, ya kuma nemi ragi.

Sai maganar kwale-kwale. Ranar Talata kuka je. Ka hau gadar da ke kan bakin tafkin Benya, ka ga ɗaruruwan jiragen masunta a jere, kowanne an fafe gindinsa daga gungumen itace guda, an yi masa fenti da tutoci da rubuce-rubucen addu'a, babu wanda ya fita. Ga maza zaune a inuwa suna ɗinkin koma. Ka dubi ɗan jagora da fuskar wanda ya san kan duniya, ka tambaye shi tun yaushe suke yajin aiki, kuma me gwamnati ta ce. Malam, ba kowane wuri ne Samaru ba. Masuntan Fante ba sa shiga teku ranar Talata, al'ada ce tun kaka da kakanni, ranar hutun teku ce da gyaran kayan aiki. Shi ya sa ma bikinsu na Bakatue, na buɗe tafkin, yake faɗowa a Talatar farko ta watan Yuli. Da ka sami rabin sa'a ka zauna da su, da ka ji abin da ya fi yajin aiki ciwo: ƙananan kifayen da garin ya dogara da su sun ja baya ƙwarai, saboda manyan jiragen da ke share teku da ragarsu da kuma masu kamu da fitila cikin dare. Matan da ke banda a bayan kasuwa su suka fi kowa sanin lissafin. Amma ina rabin sa'ar? Ɗan jagora ya ɗaga allonsa mai lamba 7, kun bi.

Shi babban farin ginin da ka tsaya a gabansa ka yi hoto kana gyara hula, mutanen Fotugal ne suka kafa shi a 1482, shekara 11 bayan sun fara isowa gaɓar. Zinariya ce ta kawo su. Da farko ma su ne suke kawo bayi daga wajen Binin, cikin ƙasarmu ta yau, su sayar wa attajiran Akan a ba su zinariya. Daga baya, da gonakin rake suka buɗe a ƙetaren teku, ciniki ya juya, mutum ya zama shi ne hajar da ake fitarwa. A 1637 mutanen Holan suka jawo igwa suka hau tudun da ke fuskantar ginin, suka yi ta ruwan wuta har masu gida suka miƙa wuya. Da yake sun san ta inda suka shigo, sai suka gina wani sansani a kan tudun don kada wani ya yi musu irin ta. Yana nan, kuma daga kansa ake ganin garin gaba ɗaya, da tafkin, da filayen gishiri. Ba ka hau ba, wai gwiwa. Mutumin da yake cika mana baki da Kufena! A 1872 Holan ta miƙa wa Ingila wurin, mutanen gari suka ƙi, aka kama sarkinsu Kobina Gyan aka kai shi Saliyo, kuma a watan Yunin 1873 Ingilishi suka yi wa tsohon garin luguden wuta suka ƙone shi ƙurmus. Wannan filin da ke gefen ginin, da ka ce wa Hajiya ya dace a yi masa rumfunan kasuwa, kufan garin ne. A cikin ginin kuma aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga nan tsibirin Seshel, bai ga Kumashi ba sai 1924.

Nan zan ajiye wasa na ɗan lokaci, don Hajiya ta ce kai ma ka ajiye. Kun shiga ɗakunan ƙasa, inda ake cusa ɗaruruwan mutane makonni, wani lokaci watanni, ana jiran jirgi. Babu taga sai 'yar kafa can sama. A nan suke kwana, a nan suke bayan gida, a nan wasu suke cikawa a bar su tare da masu rai. Kun ga tsakar gidan mata, da barandar da gwamna ke tsayawa ya zaɓi wadda za a wanke a hau masa da ita. Kun ga ɗakin da aka zana ƙoƙon kai a bisa ƙofarsa, wanda in an jefa mai taurin kai ba a buɗewa sai ya mutu. A sama da kurkukun mata kuma ga ɗakin ibadar masu gidan. Kuka sunkuya kuka bi ta duhu har ƙofar nan ƴar siririya da ke kallon teku, wadda mutum ɗaya kawai take ɗauka, wadda duk wanda ya fita ta cikinta bai dawo ba. A cikin ayarinku akwai baƙaƙen Amurka, wata dattijuwa ta dafa bango tana kuka, kai kuma ka cire tabarau ka daɗe kana goge shi.

Shekara da shekaru ina kiranka bawana kana kirana bawanka, kuma gobe ma zan kira ka, don wasan ya girme mu. Amma da ni da kai babu mai bakin cewa wannan aikin Turawa ne su kaɗai. Kasuwar Kurmi tana da layin bayi. Sarakunan Zazzau sun yi ta kai hari kudancinsu, da mutane suke biyan wani kaso na gaisuwar Sakkwato. Fatakenmu da ke zuwa Salaga sayen goro ba kanwa da shuni kawai suke kaiwa ba, kuma wannan ciniki ya ci gaba da bunƙasa bayan Ingila ta hana nata a 1807, Holan ta bi a 1814. A Arewacin Nijeriya sai 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya. Mu namu kurkukun na ƙasa ne, damina ta cinye shi, shi ya sa ba mu da wurin da za mu kai jikoki su gani. Ginin Elmina kuwa minti 45 aka ba ku a cikinsa, har da shiga shagon tsaraba.

To, mu koma kanka. Daga nan aka kwashe ku zuwa wani otal a bakin ruwa cin abincin rana: shinkafa da kaza da aka cire wa yaji don kada Turawa su yi tari. Ka ci ka yi hamdala ka ce ka ɗanɗana abincin Gana. Wane abincin Gana? Ina dokunun Fante da ake naɗewa a ganyen ayaba, a ci da soyayyen kifi da baƙin yajin nan shito? Ina miyar kifi da manja da suke kira fante-fante? Kai, ko waɗannan sun yi maka nisa, ai Gana ƙasa ce da kokon Hausa da ƙosai suke karin kumallon kowa, ga shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi, ga tsire a kowace kusurwa da yamma. Abincin gidanku ya riga ka zuwa da fiye da shekara ɗari, kai kana can kana fama da cokali mai yatsu.

Cape Coast kilomita 12 ne ko 13 daga Elmina. Nata ginin mutanen Suwidin ne suka fara shi a 1653, ya yi ta sauya hannu har ya zauna wurin Ingila, garin kuma ya zama hedikwatar mulkinsu har 1877 da suka koma Ankara, babban birnin Gana na yau. Ka ga allon da aka kafa na ziyarar Obama ta 2009, shi ne kawai abin da ka riƙe, don shi kake ta maimaitawa. Garin makarantu ne, Malam. Mfantsipim, wadda aka buɗe a 1876, nan Kofi Annan ya yi karatu. Ka lissafa da kanka shekara nawa ke tsakaninta da 1962 da aka buɗe jami'ar da kuke mana taƙama da ita.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kasuwar Kotokuraba. Bas ɗinku ta ratsa gefenta, ba ta tsaya ba. Nan kusa akwai zango, akwai masallaci, akwai dattawan da za ka yi wa sallama da Hausa su amsa maka da Hausa su shimfiɗa maka tabarma. Wasu jikokin fataken goro ne. Wasu asalinsu sojojin nan ne da ake kira Hausawan Glover, rundunar da aka kafa a Ikko a 1863, da yawansu bayi ne da suka gudo, aka kawo su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, bayan an ƙone Kumashi wasu suka zauna suka yi aure. Da ka zauna da su da ka ji labarin Malam Umaru, haifaffen Kano da ya yi zamansa a Salaga ya ƙare a Kete-Krachi ta Gana a 1934, wanda malaman zango har yau suke ambato da girmamawa. Kai kuwa ka haɗa Azahar da La'asar a bayan bas, a kan kwalin da direba ya ara maka, kana tambayar Baturiya ina gabas. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, balle an ɗaura masa agogo.

Kuma don Allah ka daina cewa kai ne na farko a cikinmu da ya keta wannan ruwa. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, tun farkon ƙarni na 20 yake loda goro a jirgin ruwa daga Sekondi, maƙwabciyar Takoradin da ka sauka, zuwa Ikko. Kafin shi Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun shekara aru-aru suna bin hanyar Gwanja da jakuna, wata da watanni, suna kwana a gari su san sarkinsa su san farashinsa. Bakano in ya hau jirgi riba yake dawowa da ita. Na san za ka ce ai goro wurin Sarauniya Amina ya fara zuwa, Sarkin Nupe ya aiko mata da guda 10,000. Haka ne. Amma ka duba a ina aka adana muku labarin: littafin tarihin sarakunan Kano. Kuma ba mu ji inda aka ce ta aiko wa maƙwabta ko ƙwarya ɗaya ba.

Saura tashin hankalin da ka tayar a hanyar komawa. Gana tana bayan Nijeriya da sa'a ɗaya. Tun kafin Lome aka yi shela a jirgi kowa ya mayar da agogonsa baya, ka ce naka na ritaya ne, abokan aiki suka ba ka, ba ka taɓa shi. Kuna barin Cape Coast ƙarfe uku, ka duba hannu ka ga huɗu. Ka lissafa tafiyar da ke gaba, ka tuna fasfo yana cikin jirgi, ka tuna an ce wanda ya makara shi zai nemi hanyarsa zuwa Abijan da kuɗin aljihunsa. Sai ka miƙe tsaye a tsakiyar bas kana salati, kana yi wa direba Turancin lacca, kana cewa ya taka. Wani tsoho ɗan Jamus ya ɗauka ciwon zuciya ne ya miƙo maka ƙwaya. Alhali ko da kun makara ɗin, bas ɗin ta jirgi ce, kuma ƙa'ida ita ce jirgi yana jiran motocin da shi ya shirya. Wanda ya ɗauki tasi ya yi gaban kansa shi ake bari a tasha yana ɗaga hannu. Da wannan tsoron ne ma kamfanonin suke sayar muku da yawon nasu da tsada, kuɗin kuma kaɗan ne yake sauka a hannun mai dokunu da mai banda. Kun isa da sauran lokaci har kuka tarar da masu kiɗa a bakin tsani, ka goga katinka, ka wuce ɗaki ka kwanta, Hajiya ta ce ko sallama ba ka yi wa Gana ba.

Amma na gode, don tafiyarka ta ba ni dabarar sana'a. Zan nemo bas, in buga lambobin mannawa, in riƙa ɗebo baƙi daga Kano ina kai su yawon tarihi Zariya a irin tsarin jirginku. Mu tashi bayan Asuba. Mu shiga ta Ƙofar Doka ba tare da tsayawa ba, in nuna musu ragowar ganuwa ta taga. Minti 10 a ƙofar fada, minti 15 a masallacin Juma'a su ɗaga kai su ga aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, amma ba za a yi tambaya ba. Kufena daga nesa, don gwiwa. Kai zan ɗauka ɗan jagora, in ba ka allo mai lamba ka riƙe, tunda ka ga yadda ake yi, kuma zan biya ka da kaza guda ka kai unguwa a raba. Sai dai ka sani tun yanzu, ƙarfe goma sha ɗaya da rabi kowa ya kasance a cikin mota, don abincin rana a Kano za a ci.